Gwangwanin Asara

Da Auta ta ce min in zo ofishinsu ranar Talata za a yi wasa, sai da na cire tabarau na dube ta da kyau. Shekarata sittin da takwas. Na ce, "Wasa kuma? Da furfurar tawa?"

"Baba, ba irin na yara ba ne," in ji ta. "Hukumar Kogi za ta fitar da tsarin shekara hamsin. Kafin a sa hannu, za mu tara waɗanda abin ya shafa, mu gwada a kan tebur mu ga in an bi hanya kaza ina za a kwana. Ni na tsara wasan. So nake ka zama kogi."

Auta ita ce ƙaramar 'yata, injiniya ce a hukumar da na yi wa aiki shekara talatin da ɗaya. Ita tana da ofis mai sanyi da kujera mai juyi. Ni kuwa aikina karanta sanda ne. Sanduna biyu ne dogaye masu lambobi a jiki, an kafa su cikin ruwa, ɗaya a gindin dam, ɗaya can ƙasa daidai inda birni yake jan ruwan famfo. Tsakaninsu fadama ce, tafiyar awa biyu a babur. Kullum in karanta ta sama da safe, in karanta ta ƙasa da rana, in duba jadawali in rubuta yawan ruwan da ya wuce kowacce, ƙarshen wata in kai fom ofis. Aikin ke nan har na yi ritaya.

A fadamar nan aka haife mu, kuma har yau yayata tana can. Duk ƙarshen damina ana buɗe ƙofofin dam sati uku, ruwa ya malale fadama, kifi ya shigo, in ruwan ya janye a yi shuka a danshi. Sabon tsarin kuwa so yake a daina wannan sakin, a riƙe ruwan a dam a ba birni da kamfanin rake. In aka yi haka, shekara uku ma ta yi yawa fadama ta zama fako, mutanenta su watse, Yaya ta kwaso tsufanta ta dawo ɗakin baƙi na gidana. Ina son Yaya, Allah ya sani, amma ta fi daɗi daga nesa. Ita ma ta ce gara a binne ta a gonarta da ta zauna inda sai an hau bene kafin a ga sama.

Ranar Talata na je. Ɗakin taro ne a hawa na biyu, an haɗa tebura uku an shimfiɗa dogon ƙyalle shuɗi, wai shi ne kogi. Dam kwano ne. Fadama koren kwali. Birni akwatunan ashana ne an jera su a can ƙarshen tebur, rake kuma tsinken tsintsiya da aka ɗaure da roba. Ruwa shi ne ya ba ni dariya: maɓallan riga shuɗa, cike da leda. A gefen fadama akwai gwangwanin madara da ba komai a ciki, an manna masa takarda an rubuta ASARA.

Mu goma sha biyu ne, amma uku ne suka cika ɗakin. Akwai Daraktan hukumar, mutum mai taushin murya da son duba agogo. Akwai Manajan kamfanin rake, ƙato mai waya biyu, ya shigo yana gaisawa da kowa kamar mai neman ƙuri'a. Sai Yaya, wadda mutanen fadama suka turo don sun san bakinta.

Auta ta yi bayani. Kowane zagaye shekara biyar ne, zagaye goma shekara hamsin. Kogi, wato ni, zai ja kati ya ga irin shekarun da suka zo, fari ne ko ambaliya ko birni ya ninka, ya zuba maɓallai a kwano gwargwadon abin da katin ya ce. Sai rana ta sha nata, a kwashe wasu daga kwanon. Ragowar mai dam ya raba. Duk maɓallin da aka saki fadama, in ya gama jiƙa koren kwali, sai in jefa shi gwangwani. Kuma ba wanda zai zauna a kujerarsa, kowa zai ɗauki katin wani.

"Sannan Baba," ta ce tana ɓoye murmushi, "kogi ba ya magana."

"To yau za mu ga abin mamaki," in ji Yaya. "Wannan da tun yana goye yake surutu."

Aka raba katuna. Darakta ya zama masunci. Manaja ya zama shugaban ruwan famfo na birni. Yaya kuma katin mai dam ya faɗo mata. Ta juya shi gaba da baya, ta gyara zama, ta ce wa Darakta, "Kai masunci, matsa can, kana ƙarnin kifi." Ɗakin ya fashe da dariya, har Darakta.

Dariyar ba ta daɗe ba. A wasan farko Yaya ta saki ruwa kowane zagaye, ni kuma ina ta jefa maɓallai a gwangwani, ƙwal, ƙwal. A shekara ta talatin da biyar fari ya zo sau biyu a jere, kwano ya kusa ƙafewa, birni ya rasa ruwan sha. A wasa na biyu aka ce ta gwada rufe ƙofa. Ta rufe. A zagayen farko aka ɗauke koren kwali daga tebur, amma birni ya kai shekara hamsin yana sha, rake kuma ya ninka. Manaja ya yi ta gyaɗa kai. Yaya ta ajiye katinta a hankali ta ce, "Ashe haka ake sa mutum ya yanka kansa da hannunsa."

Auta ta sunkuyar da kai tana rubutu. Na san ba haka ta so ba. Yaya gwaggonta ce, a gonarta ta koyi tafiya. Amma 'yata ba ta iya murɗe lissafi don dangi, kuma ni na koya mata hakan.

Aka tafi shan shayi. Ni na zauna ina kallon gwangwanin nan, raina yana ɓaci ban san dalili ba. Can sai na gane. Na san kalmar. A fom ɗin da na yi shekara talatin da ɗaya ina cikewa akwai layi mai wannan sunan. Lokacin sakin ruwa, abin da ya wuce sandar sama ya fi wanda ya iso ta ƙasa, sai a rubuta bambancin a layin asara. Wannan kowa ya yarda da shi. Amma da rani abin juyawa yake yi. Sai in ga ruwan da ke wucewa a ƙasa ya fi wanda aka sako daga dam, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. In rubuta abin da na gani, in kai ofis, akawu ya ja masa layi da jan biro ya rubuta "kuskure", ya mayar da lambar daidai da ta sama. A ganinsa kogi ba ya haihuwa a hanya. Sau ɗaya har takardar gargaɗi aka ba ni, wai ina zama a gida in ƙirƙiro lambobi. Na yi shiru, don ina da baki bakwai da nake ciyarwa. Da tafiya ta yi tafiya ma ni kaina na fara zargin idona.

To lambobin akawun nan su aka shigar a kwamfuta, kuma da su Auta ta gina wasanta.

Na same ta a baranda tana jera katuna. Na ce, "Auta, akwai magana."

"Baba, bari a tashi tukuna, don Allah. Saura wasa ɗaya, kuma Darakta yana so rahoto ya fita jibi."

Jibi. Na koma kujerata. In na yi shiru, fadama ta tafi. In na yi magana, na tona kuskuren 'yata a gaban shugabanta da baƙi, aikin da ta yi wata takwas tana yi. Ban taɓa jin tsoro a bakin kogi irin wanda na ji a bakin wannan ƙyallen ba.

Aka fara wasa na uku. An ce a sake gwada sakin ruwa don kowa ya tabbatar. Yaya ta turo min maɓallai goma ba tare da ta dube ni ba. Na ɗora su a kan koren kwali. Maimakon gwangwani, sai na ɗaga gefen ƙyallen na tura su ƙarƙashi. Da aka zo rabon rani, na sa hannu na zaro huɗu na ajiye a gaban akwatunan ashana.

Manaja, da yake shi ne birni, ya kwashe abinsa da sauri ya ce, "Madalla da wannan kogi."

Darakta ya ɗago kai. "A'a. Kogi yana maguɗi."

"Baba," in ji Auta da ƙaramar murya, "gwangwani ake sa su." A idonta na ga abin da take tunani, wai tsufa ya fara taɓa ni. Wannan ya fi jan biro ciwo.

Na nuna bakina na girgiza kai, tunda an ce kogi ba ya magana. Yaya ce ta fara ganewa. Ta ce, tana kirana da sunan da ta raɗa min, "Ku buɗe masa baki. Dogo ba ya irin wannan shirun sai in yana da abin faɗa."

Darakta ya dubi agogo ya ce, "Bismillah, Baba."

Na ce, "Yallaɓai, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ruwan da ya shiga fadama ba ɓacewa yake ba, ƙasa ce take ajiye shi. Da rani sai ta riƙa dawo da shi kogi a hankali ta ƙarƙashi, kuma wanda ke ƙarƙashi rana ba ta sha, ba kamar na kwanon nan ba. Ruwan da birni yake sha a watannin zafi, da yawansa ajiyar fadama ce. Shekara talatin da ɗaya ina rubuta wa ofis ɗin nan haka, ana soke min."

Wani matashin injiniya ya fara cewa ai bayanan kwamfuta ba su nuna haka ba. Na ce masa kwamfuta abin da akawu ya ba ta ta ci. Ni dai Auta nake kallo. Fuskarta ta canja, na ce shi ke nan, na zubar mata da girma. Ta daɗe tana duban gwangwanin. Da ta buɗe baki, ba da muryar 'ya ta yi magana ba, da muryar injiniya ta yi.

"A waɗanne watanni ne ta ƙasa take fin ta sama?"

"Daga wata biyu bayan ruwa ya janye har faɗuwar damina."

"Kowace shekara?"

"Ban da shekarun da aka saki kaɗan. A ranin da ya biyo bayansu, ta ƙasa kasawa take yi. A sako goma daga dam, bakwai su iso. Ƙasa in tana jin ƙishi, ita take fara sha kafin birni."

"Asalin fom ɗin suna ina?"

"In ɓera bai cinye ba, suna sito."

Ta juya wurin Darakta. "Yallaɓai, in maganar Baba gaskiya ce, wasan nan nawa ƙarya yake faɗa, kuma kuskurena ne da ban koma asalin takardu ba. Ba zan iya sa hannu a rahoton jibi ba. Ina roƙon sati biyu."

Darakta ya ce ma'aikatar tana jira, kuma ba a tsayar da tsarin shekara hamsin saboda maɓalli huɗu. Wanda ya cece mu shi ne wanda ban taɓa zato ba. Manaja ya ajiye wayoyinsa biyu a tebur ya ce, "Yallaɓai, ni rake nake so ya ninka, ba na ɓoyewa. Amma tun safe kun ɗora min birni a wuya, na ji nauyinsa. 'Ya'yana ma ruwan famfon nan suke sha. A ba ta sati biyun."

Sito yana ƙasan bene, kusa da inda ake ajiye tsofaffin tayoyi. Kwana tara muka yi a ciki ni da Auta, daga safe zuwa la'asar, muna atishawa. Ɓera ya ci fom ɗin shekara biyu, ruwan rufi ya lalata na shekara ɗaya. Sauran suna nan ɗaure da igiya, da rubutuna na ƙuruciya mai kwanciya gefe. Abin da ya taimake mu shi ne akawun mutum ne mai tsafta. Layi ɗaya siriri yake ja, da rula, don haka duk lambar da ya soke tana karantuwa sarai. Allah ya jiƙansa, na yafe masa saboda rular nan.

Ina karantowa tana shigarwa. Ta kuma je ta auna rijiyoyi shida a fadama don kada ta dogara da ni kaɗai, abin da ya ɗan sosa min rai, amma na san daidai ta yi. A rana ta tara ta juyo min da fuskar kwamfutar. Layuka biyu ne, ɗaya na ambaliyar kowace shekara, ɗaya na ruwan ranin da ya biyo baya, suna hawa tare suna sauka tare.

"Baba," ta ce, "ba ka yi kuskure ba. Ko sau ɗaya."

Na ce mata bari in je in duba babur ɗina, kamar na bar makulli a jiki. Na daɗe a wurin babur ɗin.

Da sati biyu suka cika aka sake taruwa, kowa ya koma katinsa. An ɗauke gwangwani, an ɗinka wa ƙyallen aljihu a ƙarƙashin fadama, aka zuba masa maɓallai a matsayin ajiyar shekarun baya. Sabuwar dokar ita ce, cikin maɓalli goma da aka saki, huɗu za su dawo da rani. In kuma aljihun ya zama wayam, duk abin da aka sako wa birni sai ƙasa ta fara cire uku cikin goma.

Aka fara da rufe ƙofa, yadda tsarin yake so. Zagaye biyu na farko lafiya lau, rake yana ta yaɗuwa. A na uku aljihu ya ƙare. A shekara ta ashirin na ja katin zafi, rana ta kwashi rabonta daga kwano, ƙasa ta kwashi nata a hanya, abin da ya isa akwatunan ashana bai kai rabin bukata ba. A ta ashirin da biyar birni ya ninka. Manaja ya ƙirga maɓallansa sau biyu, gumi yana tsattsafo masa, ya juya wurin Yaya.

"A buɗe dam ɗin nan."

Yaya ta naɗe hannu. "Da wa kake?"

"Da ke mana, Gwaggo."

"A nan ni ba gwaggon kowa ba ce. Ni ce mai dam."

Ya miƙe tsaye da duk girman jikinsa, ya ɗan rusuna. "Ranki ya daɗe, a taimaka a saki ruwa fadama. Birni zai mutu."

"Za mu duba," in ji Yaya. Sai da ta sa shi ya jira ta gama shan ruwanta.

Aka sake wasan da sakin ruwa. Katin fari ya zo sau biyu a jere kamar wancan karon, kwano ya yi ƙasa, amma ina ta zaro maɓallai daga aljihu, birni ya tsallake da ƙyar. Muka kai shekara hamsin koren kwali yana nan a wurinsa. Rake bai ninka ba, ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku kawai. Aka sake sau huɗu, ana cakuɗa katuna, a ƙara zafi, a ƙara jama'a, har matashin injiniyan nan ya zaɓo munanan katuna da hannunsa. Duk hanyar da aka bi, in an rufe wa fadama ƙofa birni ne yake fara kuka. Darakta ya daina duba agogo. A ƙarshe ya ce, "To, gani ya kori ji." Ya ce Auta ta rubuta sabon rahoto, kuma a sa sunana a ciki. Na ce a sa na Yaya ma, in ba haka ba ba zan sha ruwa a gidanta ba.

Wata uku bayan nan aka sa hannu. Shafi na goma sha bakwai ya ce za a saki ruwa fadama sati uku kowace shekara, ko a shekarar fari ba zai gaza kwana goma ba, har shekara hamsin. Auta ta kawo min kwafi. Na karanta shafin sau uku da tabarau, sau ɗaya ba tabarau.

Ranar da aka buɗe ƙofofi na hau babur na nufi fadama. Na riga ruwan isa da kamar awa ɗaya. Na yi zaton zan tarar da Yaya a bakin gona tana jira, sai na same ta a tsakar gida tana yi wa magini faɗa a kan tushen da ya haƙa a karkace. An sauke bulo a gefe, da buhunan siminti shida.

Na ce, "Yaya, me ake yi haka?"

"Ɗaki. Ba ka da ido ne?"

"Ke da wa za ku zauna a ciki?"

"Jikana ya ce zai dawo da iyalinsa." Ta share hannu a zaninta. "Shekara huɗu ke nan, tun da aka fara maganar rufe dam, ba wanda ya ɗora bulo kan bulo a garin nan. Wa zai gina inda zai bari? Yanzu je ka leƙa bayan gida, ka ƙirga min tushe nawa aka haƙa."

Na leƙa. Na ƙirga tara, ban da nata. Can bayansu, ta tsakanin bishiyoyi, ruwan ya fara shigowa a hankali, yana tura busassun ganye a gabansa. Daɗin da na ji ya fi ƙarfin ƙirjina, na tsaya kawai ina kallo.

"Dogo," Yaya ta kira ni, "ruwa ya san hanyarsa. Zo ka riƙe wa mutumin nan igiya, katangata ta miƙe."